Hular da Na Bari a Tafkin Abijan

Goro da zumunci suka kai ni Abijan, babban birnin ciniki na ƙasar Kodebuwa, cikin watan Afrilu na wata shekara da hanyar Burkina ke biyuwa lami lafiya. Na tashi daga Katsina na bi ta Jibiya da Maraɗi da Birnin Ƙonni har Yamai, daga nan sai Wagadugu da Bobo, sa'an nan muka gangara kudu ta Ferke da Buwake da Yamusukuro, itatuwa suna ƙara duhu, iska tana ƙara nauyi a ƙirji, har ran kwana na huɗu da hantsi motarmu ta tsaya a tashar Ajame. Wanda bai taɓa sauka a wannan tasha ba, in aka ce masa a ɗauko Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari a zuba wuri guda, a ƙara musu motocin haya dubu, to, an rage masa labari ne don kada ya ƙaryata mai ba da shi. Yaran motocin da suke kira baka suna rataye a ƙofa suna kiran Abobo da Yofugon, Julanci da Faransanci da harshen Mosawa suna karo da juna a sama, amma mutum ba zai yi taku goma ba sai ya ji Hausa, ko daga bakin mai albasar Galmi, ko daga mai tsire, ko daga mai shayi, wanda mutanen garin duka, har waɗanda ba su san ma'anar kalmar ba, suke kira aboki.

Mai masaukina ɗan ƙanin mahaifina ne, ya haura shekara talatin a ƙasar, yana sayen goro a Anyama, arewa da birnin kaɗan, yana ɗora wa manyan motoci zuwa gida. Abin da kakanninmu fatake ke yi wa tafiyar watanni da jakuna zuwa Gwanja, shi yana gama shi da waya a zaune bisa buzu. Daren kwanana na uku, bayan mun idar da lisha, ya kori yara, ya matso kusa, ya sassauta murya.

Ya ce, "Malam, akwai abin da ke hana ni barci. Ɗanka na biyu ya ƙi kasuwa, ya bi ruwa. Da su yake yi ma da sauƙi, sai mu ce sana'ar Sarkawa ce, ana ci ana sayarwa. Jirgin wasa ne na masu kuɗi, ba inji, ba kaya, ba fasinja, sai iska. Sau biyu ana kawo mini labarin ya kife. Kai yake jin nauyi, ka yi masa magana ya bari."

Na ce masa malamanmu na usulu sun hana a yanke hukunci kan abin da ba a fahimci surarsa ba, saboda haka ya ba ni kwana biyu in ga abin da idona. Na faɗi haka ne don neman jinkiri kawai, domin a zuciyata na riga na gama yanke hukuncin, kuma ban zaci ganin zai kai ni ga shiga ba.

Ran Asabar da sassafe yaron ya zo ya ɗauke ni. Saurayi ne ɗan kimanin shekara ashirin da huɗu, haifaffen Abijan, Hausarsa garwaye da Faransanci kamar shinkafa da wake, tafin hannunsa ya yi kanta kamar na mai jan guga. Muka ratsa unguwar Filato mai dogayen benaye, muka hau gadar Houphouët-Boigny, wadda aka gama a 1957, motoci a sama jirgin ƙasa a ƙasa, muka sauka unguwar da ake rubuta sunanta Treichville, mutanenmu kuwa su ce Tireshibil. Sunan wani Bafaranshe ne, Marcel Treich-Laplène, wanda ya yi ta yawon ƙulla yarjejeniya da sarakunan ƙasar, ya mutu a 1890 bai cika shekara talatin ba. Da Faransawa suka guje wa Basam saboda annobar shawara ta 1899, suka zauna Binjabil, sa'an nan suka mai da fadar mulki Abijan a 1934, sai suka keɓe wa kansu tudun Filato, suka ajiye baƙar fata a gefe biyu: Ajame ta arewa a bayan barikin soja, Tireshibil ta kudu a hayin ruwa. Ke nan unguwannin nan biyu da Bahaushe ya fi sani a Abijan tagwaye ne, siyasa ɗaya ta haife su. A nan Tireshibil kuma akwai tashar jirgin ƙasan da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar, wanda ya isa Wagadugu a 1954, amma har yau bai taka ƙasar Nijar ba; na ce a raina, ga wani suna da ya fi mai shi tafiya.

Muka karya kumallo da garba, wato garin rogon da suke kira aceke da soyayyen kifin tuna da yankakken barkono da albasa, abincin da ake cewa sunan 'yan Nijar da suka shahara da sayar da shi ne ya bi shi. Daga nan muka shiga ƙaramin jirgi mai inji na kulob ɗin da yaron ke yi wa aiki, ya ratsa da mu ta gaban tashar jiragen ruwa, inda na ga jirage kamar unguwanni suna lodin koko, har muka kai wata gaɓa mai rairayi ta wajen tsibirin Bule. Wannan ruwa, tafkin Eburiye, tsawonsa wajen kilomita 130 ne, yana kwance a jikin teku, siririn tudun yashi ne ya raba su. Sai a 1950 aka gama haƙa mashigin Biridi, mai tsawon kilomita 2.7, teku ta samu ƙofa, manyan jirage suka shigo, aka buɗe tashar a 1951. Arzikin Abijan duka, har da goron ɗan'uwana da shayin aboki, daga wannan haƙa ya tsiro.

Jirgin da ya nuna mini yana zaune bisa yashi kamar tsuntsun da aka ɗaure. Kwalekwale biyu ne sirara, masu lanƙwasa kamar ayaba, an haɗa su da sandunan gorar ruwa, an ɗaure tamfol a tsakani ya zama gado, an kafa jigo guda a gaba mai tsawon mita 8. Irin wannan jirgi ana kiransa katamaran, kalmar kuwa asalinta daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarta itatuwan da aka ɗaure. Wannan samfuri, Hobie 16, wani Ba'amurke ne mai suna Hobie Alter ya fito da shi a Kalifoniya wajen 1970: tsawonsa mita 5 da ɗan ɗoriya, faɗinsa mita 2.4, nauyinsa kilo 145 kacal, alhali ƙyallayensa biyu, babba a bayan jigo da ƙarami a gaba, waɗanda Larabawa ke kira shira'i, faɗinsu ya kai murabba'in mita 20. Da na auna wannan lissafi, ƙyalle mai faɗin ɗaki a kan abin da maza huɗu ke ɗauka a kafaɗa, sai na tuna maganar mutanenmu cewa iska na wahalar da mai kayan kara.

Yaron ya dubi ganyen kwakwa, ya dubi fuskar ruwa, ya ce iskar kudu maso yamma, wadda ita ce mazauniyar garin, yau za ta yi ƙarfi bayan azahar, saboda haka sai an sake ɗaurin jirgin. Na zauna a inuwa ina kallo, shi da abokin tuƙinsa, wani saurayi Ba'eburiye mai ƙarancin magana, suka shiga aiki, yana yi yana bayani, ni kuwa ina ta jefa masa tambayoyi irin na mai neman kama mutum da kuskure.

Abu na farko da ya ce, wanda kuma dukan sauran suka ginu a kansa, shi ne ƙarfin iska a jikin ƙyalle ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, ninkin ba ninki yake yi: in gudun iska ya tashi daga kilomita 18 a sa'a zuwa 36, nauyin da ke danna ƙyallen sau huɗu zai zama. Ranar da iska ta yi sanyi, matuƙi yana roƙonta ne, yana sa ƙyallen ya yi ciki don ya tara ta. Ranar da ta yi yawa kuwa, dukan dabararsa ita ce yadda zai karɓi gwargwadon buƙata ya zubar da saura. Don haka suka fara da kwantar da jigon baya, suka sauko da ƙusoshin wayoyin da ke riƙe shi ta gefe zuwa ramukan ƙasa, suka ɗaure igiyar ƙaramin ƙyalle tamau, har ya zama in an ja babbar igiya iyakar ja, 'yan wilin nan da take zagayawa a kansu, irin na jan guga a rijiya mai zurfi, na sama da na ƙasa suna gab da haɗuwa. Hikimar wannan, in ji shi, ita ce a ɗauke nauyi daga hancin kwalekwalen, wanda siriri ne mai son nutsewa, a mayar da shi baya inda alluna biyu na juya jirgi suke, domin wannan samfuri ba shi da allon tsakiya da ke hana jirgi zamewa gefe, siffar kwalekwalen da waɗannan alluna su ke yin aikin.

Sa'an nan ya koma kan babban ƙyallen, wanda ke da sanduna sirara a soke cikinsa kamar haƙarƙari. Ya sassauta ɗaurinsu har iyakar abin da zai kawar da tattara, ya ja gindin ƙyallen zuwa ƙarshen sandar ƙasa, ya kuma danne bakinsa na jikin jigo ƙasa da iyakar ƙarfinsa, sai na ga cikin nan ya baje ya zama kamar faifai, kan ƙyallen can sama ya ɗan buɗe ya karkata, inda iska za ta riƙa zubewa da kanta. A sandar baya akwai ɗan kwangiri da wani ɗan keke ke gudu a kansa, shi ke riƙe da gindin babbar igiya. Ya ce in iska ta yi yawa ana tura keken nan waje kamar taƙi ɗaya ko biyu, igiya kuwa a bar ta a ɗaure, domin in igiyar kaɗai aka saki ƙyallen zai sake yin ciki, a koma gidan jiya. Haka ya tura madaurin ƙaramin ƙyalle waje don ƙofar da ke tsakanin ƙyallayen biyu ta yi faɗi. Daga ƙarshe ya durƙusa ya duba toshiyar ramukan zubar da ruwa, ya buga allunan juyi ya tabbata sun kulle, ya bi kowace ƙusa da yatsa. Na lura bai ɗaga kai ba sa'ad da yake wannan na ƙarshe, ko da na yi masa magana. Na san wannan hali; na gan shi wurin mahaddata masu duba wasali kafin a wanke allo.

"Baffa," ya ce, yana miƙo mini rigar ceto, "ka ce sai ka gani. Daga gaɓa ba a ganin komai."

Na so in kawo uzuri, amma wanda ya kafa ƙa'ida da bakinsa ba ya zama farkon mai karya ta. Na tuɓe babbar riga, na ɗaure rigar ceto bisa 'yar shara, na ƙi cire hulata, wata zanna bukar da na saya a Maiduguri, ko da yake sau biyu ya ce in bar ta. Na karanta addu'ar Annabi Nuhu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wadda ke cikin Suratu Hudu, na hau tamfol na zauna inda aka nuna mini. Ya ba ni sharuɗɗa uku: kada in matsa gaba da inda yake, kada in miƙe tsaye, kuma in aka kife kada in saki jirgi ko da me zai faru, domin jirgin da ya kwanta a gefe iska na tura shi fiye da gudun mai iyo.

Ban taɓa sanin akwai gudun da ba shi da ƙara ba sai ran nan. Da ya ce "Borde!", abokin ya ja igiyarsa, shi ya ja tasa, sai jirgin ya zabura kamar ingarman da aka sakar wa linzami, ba abin da ake ji sai tsagewar ruwa da wani siririn kuka daga allunan juyi. Abokin ya maƙala ƙugiyar ɗamararsa a wata waya da ta sauko daga jigo, ya fita waje ɗungum, tafin ƙafarsa kaɗai ke taɓa jirgi, jikinsa a miƙe bisa ruwa, don nauyinsa ya rinjayi na iska a mizani. Kwalekwalen da muke kai ya ɗaga, cikina ya ɗuri ruwa, amma yaron ya ce wannan ɗagawa kaɗan, inda gindin kwalekwalen ke shafar ruwa yana saki, ita ce matuƙar gudu. Wanda ya bar shi ya tashi sama don a gan shi daga gaɓa, burga yake yi, kuma baya zai zo a tsere. Ya nuna mini yadda ake gane bugun iska tun bai iso ba, wani baƙin tabo mai tsikar jiki da ke rarrafowa bisa ruwa, da yadda, in ana hawa wajen iska, ake ɗan juya hanci cikinta sa'ad da ta buga, a ce "Shoke!" a saki igiya kamu ɗaya, a sake ja da ta wuce. Babbar igiyar nan ba ta bar hannunsa ba ko sau ɗaya. Da muka zo juyawa ta cikin iska, wadda ita ce raunin jirgi mai kwalekwale biyu, sai suka jinkirta sakin ƙaramin ƙyalle har iska ta bugi bayansa ta tura hancin ya ƙetare. Ya ce irin waɗannan jirage sun shiga gasar Olamfik tun 1976, kuma daga 2016 namiji da mace ke tuƙa su tare; wannan na ƙarshe na yi niyyar ba zan kai wa mahaifinsa ba.

Mun yi kamar sa'a guda muna kai da kawowa, mun yi nisa gabas da gaɓarmu, tsoro ya fara zama daɗi, sai na ga abin da na fi su sani. Ni ban san ruwa ba, amma na yi noma a ƙasar Katsina, kuma hadarin bazara ɗaya ne daga Jibiya har bakin teku, daga gabas yake tasowa. Can bayan benayen Filato gajimare ya yi gini baƙi ƙirin, gindinsa a shafe kamar an ja layi, gabansa da wani farin leɓe mai naɗewa.

Na ce, "Ɗana, hadarin can ba na kallo ba ne. Mu koma."

Ya waiwaya, ya ce, "Na gan shi, Baffa. Muna da rabin sa'a."

Ba mu da ita. Iskar kudu ta mutu tsit kamar an rufe ƙofa, ƙyallayen suka yi laƙwas, zafi ya sauko, jirgin da ke tashi ɗazu ya tsaya cik, saura kamar rabin kilomita mu kai gaɓa. Sai na ji sanyin nan a wuya, da ƙanshin ƙasar da ruwa ya taɓa, na ga ruwan gabas ya yi fari fat yana tahowa. Yaron bai ɓata lokaci ba: ya tura ɗan keken har ƙarshen kwangiri, ya saki igiyoyi, ya juya hancin jirgi ya fuskanci gabas, ya ce mu kwanta a gefen iska. Bugun farko ya zo da ƙara kamar an yaga sabon yadi, ƙyallayen suna kaɗawa, jigon yana rawa, amma da yake hanci na cikin iska, ta rasa inda za ta kama. Ya riƙe mu a haka, yana ba ta kaɗan yana karɓar kaɗan, gwargwadon abin da zai sa allunan juyi su ci gaba da jin magana, domin jirgin da ya tsaya cik a cikin guguwa ba shi da linzami.

Matsalar ita ce gaɓarmu tana yamma, a bayanmu, kuma kafin jirgi ya juya daga fuskantar iska zuwa ba ta baya, dole ya ratsa ta inda take bugunsa a haƙarƙari, wurin da ƙarfinta ya fi yawa kuma hanci ya fi son nutsewa. Ya yi mini bayani da ihu a kunne: zai jira ta ɗan numfasa, mu koma can ƙarshen baya mu uku, ya juya da sauri ba tare da shakka ba, kuma da zarar ta koma bayanmu ƙa'ida ta juye, in ta buga sai a ƙara ba ta baya, ba a juyo cikinta. Ya jira, ya ce "Yanzu!", ya ja sandar juyi. Jirgin ya kwasa da gudun da ban san misalinsa ba, ruwa yana dukan fuska kamar tsakuwa, hancin kwalekwalen ƙasan iska yana shiga yana fita, idon yaron a kansa. Mun ƙetare. Wallahi mun riga mun ƙetare, har na ji ya sauke numfashi.

A daidai nan iska ta fizge hulata, ta jefa ta gaban tamfol, ta maƙale a wata igiya. Abin da hankali ya sani daban, abin da hannu ya saba daban: shekara arba'in ban tsaya gaban jama'a kai ba hula ba, sai kawai na rarrafa gaba in ɗauko ta. Kilo tamanin suka bar inda ake buƙatarsu suka koma inda aka hana. Na ji ya ce "Baffa!", na ga hancin ya soke cikin ruwa bai fito ba, jirgin ya tsaya kamar ya ci karo da bango, gindinsa ya tashi sama, mu kuwa muka ci gaba da tafiya ba shi. Faransawa suna kiran wannan faɗuwa da kalmar da suke faɗa in mai gashin burodi ya tura shi cikin tanda, kuma na shaida sun iya sa suna.

Ruwan ɗumi ne, da gishiri-gishiri. Rigar ceto ta dawo da ni sama, kafin in gama salati hannun yaron yana wuyan rigata, ya ɗora hannuna bisa wata igiya a hancin kwalekwalen da ke cikin ruwa, ya ce in riƙe kawai. Jirgin yana kwance a gefe, kwalekwale ɗaya a sama, jigon bisa fuskar ruwa. An toshe cikin jigon don kada ya sha ruwa ya juya da jirgin ƙasa baki ɗaya. Suka kwance dukan igiyoyin ƙyalle, gama in an ta da jirgi da igiya a ɗaure, gudu zai yi ya bar masu shi. Nauyina da ke rataye a hanci ya sa gindin jirgin ya zagaya ƙasan iska, hancin ya fuskance ta, kuma wannan ne amfanin da na yi a dukan tafiyar. Suka hau kwalekwalen ƙasa, suka jefa igiyar tayarwa ta bisa na sama, suka jingina baya tare har gadon bayansu ya kusa taɓa ruwa. Da fari ba abin da ya motsa. Sa'an nan kan jigon ya tsiyaye ya ɗaga, iska ta shiga ƙarƙashin ƙyallen ta taimaka, jirgin ya taho a hankali, sai kuma gaba ɗaya, suka yi wuf suka kama ƙarfen da ke ƙarƙashin jigo don kada ya zarce ya kife ta ɗaya gefen. Suka jawo ni sama kamar buhun gero. Kafin nan ruwan sama ya kece, iska ta faɗi kamar yadda takan yi in ruwa ya sauka, muka lallaɓa zuwa gaɓa tsamo-tsamo.

A ƙarƙashin rumfar ganyen kwakwa, muna rawar ɗari, na fara ba shi haƙuri. Ya tare ni.

Ya ce, "Naka laifin ƙarami ne, Baffa, baƙo ne kai. Nawa ne babba. Sa'ad da ka ce mu koma, da na juya nan take da iskar kudu ta kai mu gida. Na yi lissafin gudun hadari, na manta iska takan mutu kafin ya iso. Kuma tun a gaɓa ya kamata in karɓe hular nan, kunyarka ta hana ni."

Na daɗe ina karantar da samari, kuma na san ƙarancin wanda, an miƙa masa uzuri a hannu, zai ajiye shi ya lissafa kurakuransa ɗaya bayan ɗaya.

Da magariba muka koma Tireshibil. Na shiga babbar kasuwa kai ba hula, na sayi wata farar tashi-ka-fiya-naci a hannun wani Bagobiri da ya dube ni sama da ƙasa bai tambaya ba, muka yi salla a masallacin Julawa, muka hau baka zuwa Ajame. Ɗan'uwana yana zaune a ƙofar gida yana jira, ya ga sabuwar hula, ya ga idona ja, ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ba shi labari duka, ban ɓoye kifewar ba, ban kuma ɓoye sababinta ba. Na ce masa Shehu Halilu a cikin Muhtasar, a babin hajji, ya daidaita hukuncin tafiyar ruwa da ta tudu matuƙar ba halaka ce ta yi galaba ba, kuma ba ta sa a tozarta salla. Masu sharhi kuma, a babin musabaƙa, sun ambaci tseren jirage cikin abin da ya halatta in ba a sa kuɗin caca ba, kuma da manufa ta ƙwarai. Na ce abin da na gani sana'a ce mai ƙa'idoji, ana biyansa albashi a kanta, yana gyara jirage yana koyar da masu koyo, kuma tashar da ke ciyar da garin nan kullum tana neman wanda ya san ruwa. Na ce fatawata ita ce a bar shi, bisa sharaɗi biyu: ya nemi takardar shaidar tuƙin jirgi ta hukuma, don sana'ar ta yi masa rana in ƙuruciya ta wuce, kuma daga watan Maris zuwa Mayu, duk ranar da gabas ta yi baƙi, ya juya tun bai fara lissafi ba.

Ɗan'uwana ya yi shiru, ya fasa goro ya ba ni rabi, ya ce, "Na aike ka ka fito da mutum ɗaya daga ruwa, ka je ka shiga." Bai ce ya yarda ba, amma washegari shi ya ba yaron kuɗin mota. Na ƙara kwana tara a Ajame, muka gama lodin goro, na kamo hanyar Katsina.